Nisan hangen na'urori da kauce wa karo a jirage marasa matuƙa

Nisan hange a fannin jirage marasa matuƙa shi ne tazarar da na'urar ganowa take iya tsinkayar wani jirgi a sararin sama, har ta tabbatar da inda yake da kuma inda ya nufa. Matuƙin jirgin sama na yau da kullum yana leƙawa ta taga ya ga abin da ke gabansa, ya kauce masa. Mai sarrafa jirgi marar matuƙi kuwa yana zaune ne a ƙasa, wani lokaci kilomita da dama daga jirginsa, don haka abin da rada ko kyamara ko makirufo suka kawo masa shi ne kaɗai idonsa. Ana auna nisan hange da mita ko kilomita, amma amfaninsa yana cikin adadin daƙiƙun da yake bai wa mai sarrafawa kafin jiragen biyu su haɗu.

Batun ya shafi arewacin jihar Kaduna, inda jirage marasa matuƙa masu kai magunguna suke tashi daga Pambeguwa, jiragen koyon tuƙi suke tashi daga Zariya, jiragen soja kuma daga Kaduna.

## Asalin matsalar

Dokokin zirga-zirgar sama na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, sun ɗora wa kowane matuƙi alhakin lura da abin da ke kewaye da shi da kauce wa karo. Idan jirage biyu suka fuskanci juna, kowanne zai karkata zuwa damansa. Idan hanyoyinsu za su gitta, wanda ɗan'uwansa yake damansa shi ne zai ba da hanya. An tsara waɗannan dokoki ne bisa tunanin cewa akwai mutum a cikin jirgin.

Ƙananan jirage marasa matuƙa sun fara bin dokar ta hanya mai sauƙi: mai sarrafawa ya tsaya inda yake ganin jirginsa da idonsa, kada ya wuce tsayin ƙafa 400, kimanin mita 120, kuma ya ba da hanya ga duk jirgin da ke ɗauke da mutane. Wannan ya isa ga mai ɗaukar hoton biki ko mai feshin gona guda. Bai isa ga mai kai jini asibitin da ke nisan kilomita 60 ba, ko mai duba layin wutar lantarki. Da zarar jirgi ya ɓace wa idon mai shi, dole na'ura ta maye gurbin idon.

## Tazarar aminci

Kafin a ce na'ura ta hango da wuri ko ta makara, sai an san tazarar da ake son kiyayewa. Masana sun zana da'irori biyu a kewayen jirgi.

Ta ciki ita ce ta "saura ƙiris a yi karo". Ana ƙidaya haka idan jirage biyu suka kusanci juna ƙasa da ƙafa 500 a kwance, kimanin mita 152, da ƙafa 100 a tsaye, kimanin mita 30.

Ta waje ita ce tazarar aminci, wadda ake so kada a keta ta sam. Ƙa'idar DO-365 da ƙungiyar RTCA ta Amurka ta fitar a shekarar 2017 domin manyan jirage marasa matuƙa ta sa ta a ƙafa 4,000 a kwance, kimanin mita 1,220, da ƙafa 450 a tsaye, tare da ma'aunin lokaci na daƙiƙa 35. Ga ƙananan jirage masu tafiya ƙasa-ƙasa, adadin da aka fi amfani da shi shi ne ƙafa 2,000 a kwance, kimanin mita 610, da ƙafa 250 a tsaye, kimanin mita 76.

A tsarin DO-365 gargaɗi yana zuwa hawa-hawa. Na farko yana fitowa kimanin daƙiƙa 55 kafin keta tazarar, lokacin da mai sarrafawa zai iya tuntuɓar jami'in kula da zirga-zirgar sama kafin ya juya. Na ƙarshe yana fitowa kimanin daƙiƙa 25 kafin ketawa, kuma ma'anarsa a juya nan take. Idan hangen na'ura gajere ne, jirgin da ke tafe yakan bayyana a allo yana riga ya shiga matakin ƙarshe, sai damar tuntuɓa ta faɗi gaba ɗaya.

## Yadda nisa yake komawa lokaci

Lokacin da ya rage shi ne nisan hange a raba da gudun kusantar juna. Idan jirage biyu suna fuskantar juna, ana haɗa gudunsu ne. A ɗauki misalin jirgi marar matuƙi mai gudun kilomita 100 a awa. Idan ya fuskanci ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai gudun kilomita 200 a awa, suna kusantar juna da kilomita 300 a awa, wato mita 83 a kowace daƙiƙa. Idan jirgin yaƙi ne mai gudun kilomita 700 a awa, kusantar ta zama mita 222 a daƙiƙa.

| Nisan hange | Lokaci da jirgin koyo | Lokaci da jirgin yaƙi |
|---|---|---|
| kilomita 1 | daƙiƙa 12 | daƙiƙa 4.5 |
| kilomita 2 | daƙiƙa 24 | daƙiƙa 9 |
| kilomita 3 | daƙiƙa 36 | daƙiƙa 13.5 |
| kilomita 5 | daƙiƙa 60 | daƙiƙa 22.5 |

Ba duka wannan lokaci ne ake samu a yi juyi da shi ba. Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa matuƙi yana buƙatar daƙiƙa 12.5 daga ganin abu zuwa lokacin da jirginsa zai fara kaucewa. Mafi yawan lokacin yana tafiya ne a tunani: daƙiƙa 5 wajen gane cewa ana kan hanyar karo, daƙiƙa 4 wajen yanke shawarar dama ko hagu, daƙiƙa 2 kafin jirgin ya amsa umarni, sauran kuma wajen gani da ganewa da motsa hannu. An yi wannan ƙiyasi ne don matuƙin da ke cikin jirgi. Mai sarrafawa daga ƙasa yana da ƙarin jinkiri, domin na'ura tana buƙatar ganin abu sau da yawa kafin ta amince jirgi ne, sannan saƙo ya sauko ƙasa, umarni ya koma sama. Idan ta tauraron ɗan'adam mai tsayin kilomita 36,000 ake sadarwa, zuwa da komowar saƙon kaɗai na cin kusan rabin daƙiƙa.

Bayan an cire jinkiri, akwai kuma batun cewa jirgi marar matuƙi yawanci shi ne mai ƙarancin gudu, don haka yana ɗaukar lokaci kafin ya fice daga hanya. A misalin jirgin koyo, idan na'ura ta hango shi a kilomita 2 kuma aka juya gefe nan take, jiragen za su wuce juna da tazarar kusan mita 900. Idan aka ɓata daƙiƙa 12.5, tazarar da ta rage kafin juyi mita 960 ce kacal, kuma za su wuce juna da kimanin mita 430. An tsira daga karo, amma an keta tazarar aminci ta mita 610. Idan hangen kilomita 1 ne, jiragen sun haɗu kafin mutum ya gama yanke shawara. Bisa wannan lissafi, kiyaye mita 610 daga jirgin koyo yana buƙatar hangen aƙalla kilomita 2.4, daga jirgin yaƙi kuma kimanin kilomita 7, ba tare da an sa lokacin da juyin kansa yake ci ba.

Kaucewa ta sama ko ƙasa ma tana da iyaka. Jirgin da ke sauka mita 3 a daƙiƙa yana buƙatar daƙiƙa 25 kafin ya sauka mita 76, kuma idan dama yana tsayin mita 100 ne daga ƙasa, bishiyoyi da turakun sadarwa da wayoyin lantarki suna jiran sa.

## Ire-iren na'urori da nisan hangensu

### Jiragen da ke bayyana kansu

Jirage da yawa suna ɗauke da na'urar da ke sanar da inda suke. Tsarin ADS-B yana watsa matsayin jirgi da tsayinsa da gudunsa ta rediyo kusan sau biyu a daƙiƙa, kuma ƙaramar na'urar karɓa tana iya jin saƙon daga nisan gomman kilomita. Kamfanin DJI ya sanar cewa daga shekarar 2020 sababbin jiragensa masu nauyin sama da giram 250 za su zo da irin wannan na'urar karɓa. Manyan jiragen fasinja kuma suna da TCAS, wanda ke tambayar jiragen da ke kusa ya kuma umarci matuƙi ya hau ko ya sauka.

Da irin waɗannan jirage, nisan hange ba shi ne matsala ba. Matsalar tana tare da waɗanda ba sa bayyana kansu: wasu ƙananan jirage, jiragen feshi, jiragen soja da suka kashe na'urarsu a bakin aiki, da sauran jirage marasa matuƙa. Su ne kuma aka fi samu a ƙasa-ƙasa.

### Rada

Rada tana aika igiyar rediyo ta saurari dawowarta. Tana aiki dare da rana, ƙura da hazo ba sa hana ta, kuma tana faɗin nisa da gudun abu kai tsaye. Ƙa'idar da aka tsara wa radar manyan jirage marasa matuƙa ta nemi ta kama babban jirgi daga nisan mil ɗin teku 6.7, kimanin kilomita 12, tana duban digiri 110 dama da hagu da digiri 15 sama da ƙasa. A ranar 12 ga Yuni 2018, jirgin Ikhana na hukumar NASA ya yi tafiya a sararin saman farar hula na Kalifoniya da irin wannan tsari ba tare da jirgin rakiya ba.

Cikas ɗin rada shi ne nauyi da wuta. Domin igiyar tana raunana a zuwa, ta sake raunana a dawowa, ninka nisan hange sau biyu yana buƙatar ninka ƙarfin wuta sau 16 idan ba a sauya komai ba. Wannan ne ya sa radar da ƙaramin jirgi zai iya ɗauka takan tsaya a 'yan kilomita. NASA ta gudanar da gwaje-gwajen kwaikwayo da matuƙa na gaske domin gano iyakar da za a iya rage nisan hange kafin aikinsu ya lalace, kuma sakamakon ya shiga cikin gyare-gyaren ƙa'idojin RTCA.

### Kyamara

Kyamara ba ta da nauyi, ba ta cin wuta sosai, amma tana da rauni biyu. Na farko, ƙanƙantar abin da ake nema. Kyamara mai ɗigo 4,000 a faɗi da ke duban digiri 80 tana ba da ɗigo 50 ga kowane digiri. Gangar jikin ƙaramin jirgi mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai, idan yana tafe gaba da gaba daga kilomita 2, ba ta wuce ɗigo biyu a hoton ba. Ana iya ƙara nisa da gilashin zuƙowa, amma sai faɗin abin da ake gani ya ragu. Bugu da ƙari, jirgin da ke kan hanyar karo ba ya motsi a cikin hoto. Yana tsayawa wuri guda yana girma a hankali, sai a daƙiƙun ƙarshe ya cika ido. Wannan ne ma yake yaudarar matuƙa a cikin jirgi. Rauni na biyu shi ne yanayi: dare, gajimare, hasken rana a ido, da ƙura.

### Makirufo

Ana iya jera makirufo a fikafikan jirgi, kwamfuta ta auna bambancin lokacin da sauti ya isa kowanne, ta gano ɓangaren da ƙarar inji take fitowa. Wannan hanya tana ji ta kowane ɓangare, har da baya, kuma gajimare ba ya tare ta. A shekarar 2022 kamfanin Zipline ya bayyana irin wannan tsari, ya ce yana iya jin jirgi daga nisan kusan kilomita 2. Sai dai sauti yana tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa, don haka ƙarar da ta taso daga kilomita 2 tana isowa bayan kusan daƙiƙa 6, a lokacin jirgin koyo ya riga ya matso da fiye da mita 300. Dole kuma a tace ƙarar farfelar jirgin da kansa da ta iska.

## Halin da ake ciki a arewacin Kaduna

Gwamnatin jihar Kaduna ta ƙulla yarjejeniya da Zipline a watan Fabrairun 2021, kuma a 2022 aka fara jigilar magunguna da rigakafi daga cibiyar Pambeguwa a ƙaramar hukumar Kubau. Kamfanin ya fara aiki ne a Ruwanda a 2016, sannan Gana a 2019. Jiragensa masu fikafikai suna gudun kimanin kilomita 100 a awa, suna tafiya a tsayin kusan mita 100, suna kaiwa nisan kilomita 80 daga cibiya, su saki kaya da ƙaramar lema su koma gida. Garin Ikara, da ƙaramar hukumarsa ke maƙwabtaka da Kubau, yana cikin wannan da'ira. A irin wannan nisa babu maganar gani da ido. Jirgin yana bin hanyar da aka tsara masa, ma'aikata suna lura ta allo.

A ɗaya ɓangaren akwai Zariya, mazaunin Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAT, wadda aka kafa a 1964. Ɗalibanta suna koyo da ƙananan jirage irin su Tampico TB9 da Diamond DA40, waɗanda gudunsu ya yi kusa da misalin da aka lissafa a sama. Layin da ya haɗa Zariya da Kano ya ratsa ta yankin Kudan da Makarfi. A Kaduna kuma akwai sansanin Rundunar Sojin Sama, inda ake horar da matuƙa, kuma a nan ne aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi na Tsaigumi a watan Fabrairun 2018.

Abin da ke raba waɗannan jirage a yau da kullum shi ne tsayi. Dokar ICAO ta hana jirgin da ke tafiya da gani yin ƙasa da mita 150 a wajen gari, in ban da wajen tashi da sauka ko da izini na musamman, su kuma marasa matuƙa suna tsayawa ƙasa da mita 120. Ratar da ke tsakani mita 30 ce kawai, ba ta kai rabin mita 76 na tazarar aminci ba. Jirage masu saukar ungulu, jiragen soja da masu feshi suna iya saukowa cikin wannan rata bisa ga aikinsu. A kan gonakin rake da masara na Gubuchi a ƙaramar hukumar Makarfi, ko fadamun Hunkuyi, duk mai tashin jirgin feshi ko na ɗaukar hoto yana cikin wannan sarari ne.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura daga Sahara, kuma a ranakun hazo mai kauri gani yakan faɗi ƙasa da kilomita 1, har a soke tashin jiragen fasinja a Kano da Kaduna. A irin wannan rana kyamara da idon mutum duk suna komawa layin farko na jadawalin da ke sama, wato daƙiƙa 12, ƙasa da lokacin da mutum yake buƙata. Rada da makirufo da ADS-B ba su dogara da tsabtar iska haka ba. Da damina kuwa hadari da ruwan sama suna rage gani, ƙarar ruwa da iska tana kuma dagula wa makirufo aiki. Shirwa da ungulu da garken jan-baki suna iya bayyana a na'ura kamar jirgi, kuma yawan gargaɗin ƙarya yana sa mai sarrafawa ya fara yin sakaci da na gaskiya.

A fannin doka, tun watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tashin jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ba. Kula da zirga-zirgar sararin saman ƙasar kuma yana hannun hukumar NAMA.

## Karon da aka taɓa yi

A ranar 21 ga Satumba 2017, wani ƙaramin jirgi ƙirar DJI Phantom 4 ya bugi jirgin sojan Amurka mai saukar ungulu ƙirar Black Hawk kusa da tsibirin Staten a birnin New York. Bincike ya nuna jirgin yana nisan kusan kilomita 4 daga mai sarrafa shi, wanda ba ya ganinsa kuma ba shi da wata na'urar da za ta nuna masa abin da ke tafe. Farfelar jirgin sojan ta lalace amma ya sauka lafiya.

A ranar 10 ga Agusta 2021, jirgin koyon tuƙi ƙirar Cessna 172 da ke shirin sauka a filin Buttonville kusa da Toronto a Kanada ya yi karo da jirgi marar matuƙi na 'yan sanda. Malami da ɗalibin da ke ciki sun zaci tsuntsu suka buga, sai bayan sun sauka aka ga ɓarnar da aka yi a gaban jirgin.

A watan Janairun 2025, wani ƙaramin jirgi ya huda fiffiken jirgin kashe gobara da ke aiki a gobarar dajin Los Angeles, aka ajiye shi na kwanaki ana gyara a lokacin da ake tsananin buƙatarsa.

## Hanyoyin rage haɗari

Tunda ƙara nisan hange yana da tsada a nauyi da wuta, masu ƙira suna bin wasu hanyoyi tare da shi. Ɗaya ita ce rage jinkiri ta hanyar barin kwamfutar jirgi ta yi juyin da kanta. A misalin jirgin koyo, idan jinkiri ya sauko daga daƙiƙa 12.5 zuwa 2, nisan da ake buƙata yana saukowa daga kilomita 2.4 zuwa kimanin kilomita 1.5. Tsarin ACAS Xu na manyan jirage marasa matuƙa da ACAS sXu na ƙanana an gina su ne domin lissafa irin wannan kaucewa.

Ta biyu ita ce haɗa na'urori daban-daban, ta yadda ɗaya za ta rufe raunin ɗaya. Ta uku ita ce kafa rada a ƙasa kusa da filayen jirgi da cibiyoyin tashi, inda nauyi ba ya zama cikas. Ta huɗu, wadda ta fi sauran araha, ita ce raba hanya tun kafin a tashi: keɓe layuka da tsayi, sanar da matuƙa wuraren da jirage marasa matuƙa suke aiki, da tuntuɓar hasumiyar kula da zirga-zirga. Idan ƙananan jirage masu ɗauke da mutane suka ƙara yawan amfani da ADS-B, jirgin da a da sai an hango shi a kilomita 2 zai bayyana a allo tun yana nisan gomman kilomita.

## Duba kuma

- Jirgi marar matuƙi
- Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya
- Rada
- Hunturu